Hoto na Huɗu a Bakin Ruwan Warra

Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi na sayi kyamara mai faɗin ido. Hoto huɗu kacal take ɗauka a fim guda, baƙi da fari. Na taso daga Yelwa zuwa garin Warra don in ɗauki tafkin Kainji, ruwa da sama kawai.

A na farko wani masunci ya ratso da kwalekwale. A na biyu mata suka shigo da tuluna. Ina danna na uku, wani tsoho, Baba Na'Allah, ya tsaya ƙiƙam a gabana.

Na ce, "Haba Baba! Gusa mana! Ruwa na zo ɗauka, ba mutane ba!"

Maimakon ya gusa, sai ya yafito 'ya'ya da jikoki, suka jeru suka cika faɗin kyamarar kaf.

"Baba, wai me na yi maka? Ɗaya fa ya rage!"

Ya nuna tsakiyar ruwa da sandarsa.

"Ɗana, nan garinmu yake kafin dam ya cinye shi. Kushewar innata tana ƙasa. Ka taɓa ganin hoton gari babu mutanensa?"

Na gyara masa hula, na ɗauki na huɗun.