Hoton Aseta

A kwanar matakala muka maƙale. Mu huɗu ne riƙe da kujerar, biyu a sama biyu a ƙasa, Tasere Zungarana yana zaune a kai, ya damƙe ƙarfen gefe da hannunsa mai rai ya ƙi saki.

"Saki ƙarfen nan, bawana," na ce. Ni ne a ƙasa, ƙafar kujera ta nutse mini a kafaɗa. "Taki tara ya rage."

"Ku mayar da ni."

"Baba, ka rufe ido kawai," in ji 'yarsa Aseta daga tsakar gida.

"Na ce ku mayar da ni! Lasina, kurma ne kai, ko zamanka Basamo ne kawai ke damun ka?"

Na ɗaga kai na dube shi. Gumi ya jiƙa masa riga. Wannan fa mutum ne da ya yi shekara ashirin da biyu a bayan babur ɗina, ya juya mini baya yana fuskantar masu tseren keke, hannu biyu a kan kyamara, ba ya riƙe komai, ina sheƙa gudu yana zagin uwata don ban ƙara wuta ba. Yau matakala goma sha biyar ta fi ƙarfinsa. Tausayinsa ya kama ni har na ji haushin kaina. Muka mayar da shi.

Wata bakwai ke nan da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ranar da aka sallamo shi daga asibiti, cikin bargo aka ja shi zuwa sama kamar buhun gero, bai ma san inda kansa yake ba. Tun daga ranar bai taka ƙasar unguwarmu Zogona ba. Ɗakina yana ƙarƙashin nasa daidai, na yi na yi mu yi musaya, ya ce Bamoshe ba ya kwana inda Basamo ya bar warinsa. Haka ƙabilarmu take wasa da tasu tun kakanni, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa, ba a fushi. Amma na san ba wari ne ya hana shi ba, taga ce. Daga tagarsa ana hango babban titi ta wata 'yar kafa, tsakanin bishiyar mangwaro da wani sabon bene da ake ginawa. A da kafar tana da faɗi. Kullum magina suka ɗora bulo sai ta ƙara tsukewa, har ta koma tsawon motar haya biyu.

Gwajin saukowar nan ranar Asabar muka yi shi, don washegari Lahadi akwai tseren mata, zagaye shida, Aseta na ciki. Ukun farko za a tafi da su gasa ƙasar waje.

Babu ɗan tseren da ya taɓa murza keke a Wagadugu wanda Tasere ba shi da hotonsa. Amma 'yarsa ta cikinsa, shekara shida tana tsere, ko ɗaya. Ana yin na mata da sanyin safiya kafin na maza, shi kuwa a lokacin yana zaune wajen mai wake da shinkafa yana cewa jarida ba ta sayen hoton mata. Na sha gaya masa ba daidai yake yi ba. Sai da ya kwanta ya fara ƙirga abin da ya bari.

"Daga nan zan ɗauke ta," ya ce, bayan numfashinsa ya daidaita.

"Daga nan? Ko fuskar mutum ba a gani."

"Kai ba ka gani. Miƙo mini taɓarya."

Taɓarya sunan da muka sa wa dogon gilashinsa ne, mai jawo nesa kusa, tsawonsa ya kai kamu biyu. Kyamarar kuma sabuwa ce, wata biyu kafin ciwon ya saye ta, irin marasa madubin nan a ciki. Tsohuwar tana ƙara, kat-kat-kat, da na ji na san ya samu, in ja babur mu ba su hanya. Wannan ko uffan ba ta cewa. Kafin ka ƙifta ido ta ɗauki ashirin, kuma ita da kanta take neman idon mutum ta saita. Tasere bai taɓa yarda da ita ba, bai kuma taɓa kai ta tsere ba.

Aseta ta tsaya a bakin tagar tana kallon kafar. "Ta wane gefe zan bi, Baba?"

"Ta gefen da iska ba ta. Iskar damina daga nan take bugawa, kowa ya sani. Ki shige bayan gungu ta can gefe, ki bar su su sha miki ita."

"To ai ba za ka gan ni ba."

"Wannan aikina ne. Ke yi naki. Idan kika ɗaga kai kina neman taga, ba ni ba ke."

Ta ɗauki kwanonsa ta fita.

Ranar Lahadi tun kafin rana ta yi zafi na hau. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar taɓarya, don haka na zauna a 'yar kujera gabansa, na fuskanci taga, ya ɗora gilashin a kafaɗata ta dama. Numfashinsa yana sauka a ƙeyata, da warin magani.

"Kada ka yi numfashi."

"Har zagaye shida? Ka ce dai kana so ka gaji babur ɗina."

"Wannan akwalar? Ko kyauta."

Muka ji jiniyar babur mai share hanya. Ya wuce ta kafar, na ƙirga sha ɗaya, sai launuka suka gilma, ja da kore da fari, kafin in ce ga su har sun shige bayan bene. Tasere ya duba bayan kyamara ya ja tsaki.

"Rodi ta ɗauka. Dubi, rodin magina tar kamar zai tsone ka, mutane kuwa hazo. Kyamarar da ta fi mai ita wayo ke nan."

Ya kashe mata wayon da babban yatsa. Ya ce za mu yi irin ta da, a saita wuri ɗaya a jira su shigo. Akwai wani faci baƙi a kwaltar, shi ya zaɓa. Sai dai zoben saitawa na hannun hagu ne, hannun hagu kuwa yana kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba. Na kai hannuna na kama zoben, ina murzawa ba tare da na ga abin da nake yi ba.

"Dama. Kaɗan. Ka wuce, jakin Samo! Dawo. Tsaya. Kada ka sake taɓawa."

A zagaye na biyu wata motar ruwa ta tsaya a bakin kafar, direban ya fito yana kallon tsere abinsa. Tasere ya tsine masa, ya tsine wa wanda ya ba shi lasisi. A na uku ya samu gungun tas, fuska goma sha wani abu, har gumin goshi ana gani. Ya duba ɗaya bayan ɗaya. Aseta rigarta rawaya ce. Abin da ya fito nata shi ne gwiwar hannu, can ƙurya, a bayan wata doguwa mai jar riga.

"Tana ɓuya," na ce.

"Tana da hankali," ya ce. Muryarsa ba ta yi kama da ta mai murna ba.

Na huɗu ma haka. Na biyar gungun ya ragu, su bakwai suka rage a gaba, ita tana nan lafe ta can gefe, tana ajiye ƙarfinta. Ya samu gefen hular kwanonta da rabin taya. Kafaɗata ta mutu, ƙafata ta yi tsami, ɗakin ya yi zafi kamar tanda don mun hana labule motsi. Na ji hannunsa na dama ya fara karkarwa, rawar tana bin gilashin tana shiga ƙashina.

"Lasina."

"Na'am, bawana."

"Baɗi war haka bulo ya rufe nan."

"Baɗi war haka a bayan babur za ka ɗauke ta."

"Ƙarya ba ta yi maka kyau. Riƙe da kyau."

Jiniya ta shida ta wuce. Na cika ciki da iska na riƙe, ina ƙirgawa. A ta tara, ba ta sha ɗaya ba, rawaya ta shigo kafar ita kaɗai. Ta fito daga bayan gungun, ta bi ta gefenmu, ta gefen iska, babu kowa tsakaninta da taga. Ko da idona na tsoho na gan ta. Ta miƙe daga sirdi, ta ɗaga kai.

"Koma ciki!" Ihun ya fashe mini a kunne. "Koma ciki, 'yar banza, da saura!"

Taɓarya ta yi tsalle a kafaɗata. Na cafe ta kafin ta faɗi. Da na sake dubawa, kwalta ce kawai da facinta.

Na juya na dube shi. Kyamarar nan ba ta ƙara, don haka ban san ko ya danna ba. Na jira ya duba baya kamar yadda ya yi sau biyar. Bai duba ba. Ya kashe ta, ya ce in mayar da murfin gilashi, in ba shi ruwa.

Wurin gamawa yana da nisa da mu, ba ma gani. Sai bayan awa ɗaya muka ji takalmin tsere a matakalar ƙarfe, ƙwas, ƙwas. Ta shigo da lamba har yanzu manne a bayanta, gishirin gumi ya bushe a kumatunta.

"Ta nawa?" ya ce.

"Ta biyar. Ƙafata ta ƙare a hawan ƙarshe." Ta tsuguna gaban kujerarsa. "Ka same ni?"

Na mayar da idona kan bango. Na zaci zai balbale ta da faɗa.

"Na same ki," ya ce.

"Mu gani."

"Mai hoto ba ya nuna ɗanye. Sai na zaɓa. Je ki yi wanka, kin fi Lasina wari."

Ta yi dariya ta fita. Ya sa na tura kyamarar ƙarƙashin gado. Litinin da Talata na hau na zauna da shi, muka yi hirar tseren da, na zage shi ya rama, ba wanda ya kalli ƙarƙashin gado. Sau ɗaya na buɗe baki zan tambaya, ya riga ni, ya ce in je in duba ko maginan nan sun zo aiki.

Laraba da hantsi Aseta ta hau masa da kunu, ta tarar da shi a kujera, kansa jingine da katakon taga. Saukowa da gawarsa ba ta ba mu wahala ba. A maƙabarta, bisa al'ada ni ya kamata in tare bakin kabari in ce ba a rufe bawana sai an fanshe shi, jama'a su ɗan yi dariya. Na je na tsaya. Na ce, "Wannan Bamoshen," sai muryata ta ƙi. Wani Basamo da ban sani ba ya kama hannuna ya ƙarasa mini.

Bayan sadakar uku, da mutane suka watse, Aseta ta ƙwanƙwasa mini ƙofa. Kyamarar tana hannunta, ta cire taɓarya.

"Baba Lasina, ban san inda ake dannawa ba."

Na so in ce batir ya mutu. Na so in ce ni direba ne, ban san kan abin ba. Amma kwana shida ke nan abin yana cin raina, ni ma ina son sani. Muka zauna a dakalin ƙofata, na danna maɓalli ɗaya tilo da na iya.

Ashe Tasere ya danna. Hoto goma sha tara ne a jere. Na ƙarshe sama ce zalla. Na koma baya: sama da kan rodi, rodi, ganyen mangwaro a jirkice. Can a na farko akwai kwalta, da wani zane na rawaya da ya shafe daga gefe zuwa gefe, ba fuska, ba hannu, ba keke.

Ta karɓa ta daɗe tana kallo.

"Hannunsa ne ya yi rawa?"

"A'a."

"To me?" Ta dube ni. Sai na ga ta gane kafin in faɗa. "Ihu ya yi, ko?"

"Har yanzu kunnena na dama bai dawo daidai ba."

"Me ya ce?"

"Ya ce ki koma ciki, da saura."

"Shi ke nan?"

"Ya ce 'yar banza."

Dariya ta ƙwace mata, ta toshe baki da bayan hannu, dariyar ta juye ta zama wani abu. Ban ce ta yi haƙuri ba, don ni ma ba ni da shi. Daga bayan gida ana jin magina suna jefa wa juna bulo.

Ta ɗora kyamarar a cinyarta. Bayan ɗan lokaci allon ya mutu da kansa. Ta sa yatsa ta taɓa maɓallin, rawayar ta sake haskawa.