Ƙasar Murgab a Tsakar Gida

"A hankali, Burul! Kogi nake so, ba ambaliya ba."

Burul ta ɗan ɗaga bakin butar. Maƙwabcinta Malam Sadirbek yana jingine a gadon da aka fito masa da shi hantsi, ciwo ya cinye shi, amma bakin nan yana nan daram. Ruwan ya sauka a ƙololuwar dutsen yumɓu, ya yi ɗan jim, sai ya silalo. Ya bi kwarin Narin, ya karkata yamma, ya faɗa kwarin Fargana ya malale, ba wanda ya nuna masa hanya.

"Ikon Allah! Malam, haka yake yi a can ma?"

"Haka yake yi tun ba a haife mu ba."

Tun da ya bar koyarwa yake gina taswirar nan a tsakar gidansa. Kirgizistan ce sukutum da maƙwabtanta: duwatsu har gwiwa, tafkin Isik-Kul cikin tsohuwar tasa, iyakoki da jan zaren ulu. Kuma ba da ƙasar lambu ya gina ta ba. Duk ɗalibinsa da ya yi tafiya sai ya dawo masa da ƙullin ƙasar inda ya je, Malam ya kwaɓa ya ɗora ta a mazauninta. Ita Burul da faɗa ta koyi ƙasarta, don kajinta ba su san katanga ba.

"Burul! Kazarki ta tsallaka Tajikistan ba takarda!"

"To kama ta mana, ba kai ne hukuma ba?"

Yau dai ba faɗa. Malam ya ɗaga yatsa da ƙyar.

"Ƙanwata, nuna mini Murgab."

"Haba Malam, jarrabawa kuma?" Ta zaga bayan jan zare, ta dafa wani tudu mai toka-toka can saman duwatsun Pamir. "Ga shi. Inda baƙar kazata ke wankan ƙasa."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Kin ci. Kada ki manta."

Abin ya tsaya mata a rai. A Murgab ta Tajikistan aka haifi Malam, can danginsa suke, iyaka kuma a rufe take. Unguwa duk an san abin da ke cinsa: za a sa shi a kabari ba ko tafi ɗaya na ƙasar mahaifarsa, kamar wanda ba shi da asali.

Ranar Laraba da la'asar ya cika. Aka kafa tantin ulu a bakin titi aka kwantar da shi, mata suna kuka. Toktosun, dattijon unguwa, ya yi ta kiran Murgab a waya, ya dawo kafaɗa a sake.

"Ba hanya. Ko tsuntsu sai da takarda. Mu rufe shi da ƙasarmu ta nan, Allah ya san bawansa."

Burul tana rabon shayi da soyayyen burodi, sai jarrabawar Malam ta faɗo mata a rai. Ta dire butar, ta shige tsakar gidan Malam, wajen taswira. Ta cire takalmi, ta tsallake garin Osh, ta tsallake jan zare, ta durƙusa a Pamir. Ƙasar wurin ba irin tasu ba ce: fara-fara, mai tsakuwa, da sanyi a hannu. Wannan ba ɗalibi ne ya kawo ta ba. Malam da kansa ya ɗauko ta a aljihun rigarsa, zuwansa na ƙarshe gida. Ya taɓa gaya mata, ranar tana ta kora kaji ba ta kula ba. Kuka ya ƙwace mata.

Ta kwance farin ɗankwalinta, ta ƙwaƙulo cike da tafi, ta ƙulle.

"Yaya Toktosun, ga saƙo daga Murgab."

"Wa ya kawo?"

"Shi da kansa."

Dattijon ya kwance ƙullin, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗora shi a goshi, ya sa a ƙirjin rigarsa, ya bi maza maƙabarta.

Da yamma aka yi yayyafi. Burul ta leƙo ta kan katanga. Ƙoramu suna gangarowa daga duwatsun Malam, kowacce ta kama hanyarta. Can saman Pamir, ramin da hannunta ya bari ya cika da ruwa, baƙar kazar tana tsaye a bakinsa tana sha, tana ɗaga kai sama.