Mamacin da Ya Dawo Tallan Taki

Da tarin fuka ya lafa wa Kawu Na'iya, sai ya daina shan magani. Na ɗauke shi daga Kebbe zuwa Tambuwal, inda ma'aikatan lafiya ke haska majigin wani manomi da ya katse maganinsa, tarin ya dawo ya kashe shi. Jikin Kawu ya yi sanyi, ya ce zai koma kan ƙwayoyinsa.

Muna shirin tashi aka sako tallan takin zamani. Sai ga mamacin yana dariya cikin gero.

Kawu ya harare ni. "Ɗan boko, wanga ba shi na anka rufe ɗazu ba? Da kai anka shirya mani wagga ƙarya?"

Har Kebbe ina yi masa bayanin wasan kwaikwayo. Bai sake taɓa maganin ba, ko fura na miƙa masa sai ya shinshina.