Sukarin Kawu Cindo

Da makarantar kiwon lafiya ta Maraɗi ta rarraba ɗalibanta sitaj, watau zaman koyon aiki a asibiti, sai Mudathir ya faɗo garinsu, Dakoro. Shekararsa ta biyu ke nan yana karatun aikin labo, ɗakin gwajin jini da fitsari, amma tun ranar da aka gan shi da farar riga dangi suka naɗa shi lokotoro, watau likita, shi kuma bai ga dalilin gyara musu ba.

A labo ɗin, mai koya musu aiki wata mata ce, Madam Haula, mai ƙarancin magana. Kwana goma ta bar shi yana wanke kwalabe da liƙa sunaye, kafin ta yarda ya taɓa na'urar auna jini. Shi ko Mudathir ya haddace littafi tsaf. Ka tashe shi daga barci zai gaya maka adadin sukarin da ya kamata a samu a jinin mai lafiya. Abin da yake jira kawai shi ne ranar da zai gano wata babbar cuta da hannunsa.

Ran wata Talata sai ga kawunsa, Elhaji Cindo, ɗan kasuwar hatsi mai sayen gero a Ɗan Gulbi ya kai Maraɗi. Ciwon baya ya kawo shi asibiti tun jiya, likita ya rubuta a duba fitsarinsa, aka ba shi ɗan gwangwanin roba mai murfi ja ya tafi da shi gida. Madam Haula tana wurin taro, don haka Mudathir ne a taga.

"Lokotoro, ga saƙonku," in ji Kawu, ya zaro wata kwalba naɗe cikin leda daga aljihun babbar riga.

Mudathir ya karɓa da fara'a, ya juye kaɗan a bututun gwaji, ya jefa kwalbar a kwandon shara. Bayan Kawu ya tafi ya tsoma ɗan tsinken gwaji. Wurin da ke nuna sukari ya rine nan take, ya kai launi na ƙarshe da ke jikin gwangwanin tsinkayen. Ya sake da wani, haka. Gabansa ya faɗi, ko da yake, a faɗi gaskiya, akwai ɗan daɗi a ƙasan faɗuwar. Bai jira Madam ba, ya fita waje ya kira matar kawunsa, Inna Lalla, a waya.

"Inna, kada ki tada hankalinki, amma sukarin Kawu ya kai inda ba a son ya kai."

"Na sani," in ji ta. "Shekara nawa ina hwaɗi."

Kafin azahar ta kwashe sukarin gidan kaf ta aika wa maƙwabta, ta ɓoye butar shayi da ƙananan kofunansa a ƙasan gado. Elhaji ya dawo daga kasuwa ya tarar da kwanon zogale babu ko ƙuli. Da la'asar 'yan'uwa suka fara shigowa dubiya, suna zama a gabansa suna magana ƙasa-ƙasa. Wata ƙanwarsa har kuka ta yi, shi kuwa yana zaune garau yana kallonta.

Washegari tun kafin a buɗe labo Elhaji yana bakin ƙofa, bai sa komai a bakinsa ba, don abin da aka ba shi ya ƙi ci. Madam Haula ta saurare shi, ta duba abin da Mudathir ya rubuta a babban littafi, sannan ta ce tun da bai karya ba, a ɗebi jininsa. Ta sa Mudathir ɗin ya ɗiba. Sai a karo na biyu ya sami jijiya, Kawu yana hararar sa. Aka juya jinin, aka sa a na'ura. Sakamako ya fito daidai da na mai ƙoshin lafiya.

"Na'urar ce ta lalace," in ji Mudathir.

"Da safen nan na gwada ta a gabanka," in ji Madam. Ta juya wurin Kawu. "Elhaji, a cikin me ka kawo fitsarin jiya?"

"Kwalba mai tsabta. Ta zuma ce, ta ƙare shekaranjiya."

"An wanke ta?"

"A wanke zuma? Ai zuma magani ce, Madam."

"Gwangwanin da muka ba ka fa?"

Kawu ya sa hannu a aljihu ya fiddo shi, cike da kanumfarin shayi. "Abu mai kyau haka, murhinshi na ruhuwa gam, mutum ya ɓata shi da hitsari?"

Madam Haula ta juya baya tana gyara wasu kwalabe da ba su buƙatar gyara, kafaɗunta na motsi. Da ta natsu ta ba shi sabon gwangwani, ta ce a nan asibiti zai yi, kuma wannan zai dawo mata. Aka gwada, babu ko alamar sukari.

Bayan Kawu ya fita waje ta rufe ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce wa Mudathir kwalbar da bai duba ba kuskure ne na mai koyo, kowa ya taɓa yin irinsa. Amma fidda sakamako kafin ta sa hannu, da gaya wa wani ciwon majinyaci, ko da matarsa ce, wannan ba na mai koyo ba ne, na mai dogon baki ne. Ta ce sati biyu zai yi a taga yana karɓar samfuri, yana tambayar kowa cikin me ya zuba, kuma ya karya ko bai karya ba. Sannan ta buga hatimi a takardar Elhaji ta miƙa wa Mudathir.

"Kai ka ɓata, kai za ka je ka gyara."

Suka tafi gida tare a kan babur, Kawu a baya yana riƙe da takardar sama kamar tuta. Inna Lalla tana tsakar gida tana tsince zogale. Mudathir ya durƙusa ya yi mata bayani tiryan-tiryan, tun daga zuma har hatimi. Ta dube shi, ta dubi mijinta.

"Tsorata ka ya yi," in ji ta.

"Wallahi Inna, lafiyarsa lau. Ga takarda."

"Ni ban iya Faransanci ba. Jiya da babu wanda ya tsaya kanka, ka hwaɗi gaskiya. Yau ya biyo ka har gida."

Sai da Madam Haula da kanta ta yi mata magana ta salula kafin ta sauko, shi ma rabin saukowa. Ta fiddo butar shayi, amma ta ce sukari a hannunta zai zauna, cokali ɗaya kowace dahuwa, don wanda bai kamu yau ba yana iya kamuwa gobe. Madam ta ce wannan kam ba ta da ja.

Elhaji ya zauna a kan tabarma yana hura gawayi. Da shayin ya nuna ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya zuba wani kofin ya tura gaban Mudathir, ya ce ya shanye tas kafin ya koma aiki.