Tara a Kan Roscoe Tillery

Shekara arba'in da ɗaya ke nan ina cin abinci a ƙungiyar nan ta ƙwallon Amurka. Shida na yi a fili har gwiwata ta mutu. Sauran a ɗakin ƙasa na yi su, ina kallon faifan wasa ina ba 'yan wasa maki. Ban gama sakandare ba. Amma in mutum ya ɗaga ƙafa, na san abin da zai yi da ita.

Aikin 'yan layi ɗaya ne. Ƙatti biyar su jeru su tare abokan hamayya, mai jifa ya samu daƙiƙa uku ya jefa ƙwallo. In sun yi daidai ba wanda ya san sunansu. In an kayar da mai jifa, sai a nemi wanda za a rubuta wa laifin.

Bana sau tara aka rubuta wa Roscoe Tillery.

Shi ke tsare gefen hagu, shekara shida bai taɓa fashin wasa ba. Kwantiraginsa kuma bana zai ƙare. Garin nan na masu aikin ƙarfe ne, da na ɗauka sun san ƙarfi in sun gani. Ina! A rediyo suka sa masa suna Ƙofar Kanti, wai da kanta take buɗewa. Ran Litinin ina shan kofi a shagon cin abinci, wani direba mai tumbi, da miyar tumatir a gemunsa, ya ce, "Ko kakata ta fi shi tarewa, kuma shekara goma da binne ta."

Aka kwashe da dariya. Na bar ƙwaina a faranti na fita.

Ni na san daga ina taran ta fito. Wanda ke tsaye a damansa, Dwight Zielinski, tun watan goma hannunsa na hagu ya daina ɗaguwa. Jijiya ce. Yana ɓoyewa. Da an fara wasa sai Roscoe ya ɗan matsa rabin taku ciki ya toshe ramin Dwight, sannan ya komo bakin nasa. Mutum ɗaya, ƙofa biyu. Wani lokaci yakan makara. Bakwai cikin taran haka suka faru.

Na sami Roscoe zaune cikin bahon ƙanƙara bayan atisaye.

Na ce, "Kai ɗan nan, zan faɗa musu."

"Faɗa musu me, Baba Orville?"

"Kada ka raina min hankali. Ƙafarka ta dama nake kallo tun kana ɗan sabon shiga."

Ya yi dariya. "To ka daina, matata za ta yi kishi."

"Wasa kake? Za su rage maka rabin kuɗinka."

Dariyar ta tsaya. Ya ce, "Saura wasa uku Dwight ya cika shekarun fansho. In sun ji yau, gobe da safe kayansa na cikin buhun shara. 'Ya'ya mata uku gare shi. Wasa uku, Baba. Bayan nan ka hau rufin filin ka yi shela."

Ɗan layi ba ya nuna ɗan'uwansa da yatsa. Haka aka koya min, haka na koya musu. Na yi shiru wasa uku. A na ƙarshe, da aka kira sunan Roscoe a lasifika, mutum dubu sittin suka yi masa ihun wulaƙanci, a filin ƙungiyarsa. Mahaifiyarsa na cikinsu, ta zo tun daga jihar Jojiya a mota.

Da kakar wasa ta ƙare na hau sama wurin manaja. Brent Halloran sunansa, shekara talatin da huɗu, bai taɓa sa hular kwano ya shiga fili ba. Takalminsa fari tas. Na ɗauko faifai da takarduna, kowane wasa na rubuta da fensir.

Ya ce, "Orv! Shigo mana. Har yanzu da fensir?"

"Sunana Orville."

"Na ga makin da ka ba Tillery. Na uku a duk ƙasa? Kwamfuta ta sa shi na ashirin da bakwai."

"Kwamfuta ba ta ga hannun Zielinski ba."

Na sa faifan. Na tsayar a inda ya kamata. Na nuna masa hannun da ke reto kamar tsumma, na nuna masa rabin takun. Sau bakwai na yi haka. Yana kallo yana cin gyaɗa.

Da na gama ya ce, "Kyakkyawan aiki. Ai na sani."

"Ka san me?"

"Likita ya gaya min tun watan goma. Jijiya ce ta wuya."

Na tsaya ina kallonsa.

"To me ya hana ka sauya shi?"

"Da wa? Mai jiran gurbinsa ya fi shi lalacewa, ga shi Tillery na yi min aikin mutum biyu." Ya kaɗe ɓawon gyaɗa daga rigarsa. "Ka duba, Orv. Bara wakilinsa dala miliyan ashirin yake nema a shekara. Yau wace ƙungiya za ta kai wa magoya bayanta Ƙofar Kanti? Ba wadda za ta taya. Sha ɗaya na ba shi, kuma zai karɓa."

"Ka ji ihun da suka yi masa?"

"Na ji. Ni na sa su?"

Na ce, "Ka fito ka faɗi gaskiya."

"In faɗa wa duniya mun sa mai mataccen hannu wasa goma? Ka koma ƙasa, Orv. Ka bar faifan a nan."

Ban bar shi ba. Na kwashe kayana. A matakala sai da na tsaya na tofar da yawu.

Roscoe na wurin ajiye motoci, zaune a bayan akori-kurarsa, da takardar sabon kwantiragin a cinya. Wakilinsa ya riga ya aiko masa.

"Ka hau rufin, Baba?"

"Na hau."

"Me ya ce?"

"Ya sani tun watan goma."

Ya dubi tafin hannunsa, yatsun duk sun karkace.

Ya ce, "Dwight ya samu fanshon?"

"Ya samu."

"In na kai faifanka wata ƙungiya fa?"

"Za su gane ba laifinka ba ne. Nan da awa ɗaya kuma kowa ya san hannun Dwight, ba mai sake ɗaukarsa."

Ya gyaɗa kai. Ya laluba aljihunsa na hagu, ya laluba na dama.

"Kana da biro?"

"Fensir gare ni."

"Ba sa karɓar fensir," in ji shi. Ya sauko a hankali saboda gwiwa, ya nufi ofis da takardar a hannu.