Tsaga a Kunnen Hagu

Ni ne Njidda mai garaya na unguwar Barade, kuma duk wanda ya ci biki a Jalingo shekarar da aka ba mu jiha ya san muryata. Mu biyu muke yawo, ni da Ukasha mai kalangu, jikan Kanawa, gwanin kiɗa na gaske wanda kuɗi ba su taɓa kwana biyu a aljihunsa ba.

A lokacin gari ya cika da sababbin manya, kowa na son ya ji sunansa a lasifika. Liƙi ake mana har takardun su rufe mana ido. Wani lokaci kuma idan waƙa ta ratsa wani mai dukiyar Fulani sai ya miƙe ya ce ya ba mu maraƙi. Al'adar makaɗan garin nan kuwa, maraƙin waƙa ba ya kwana. Kafin taro ya watse dillali na tsaye, a sayar masa a wulaƙance, a raba, jibi kowa ya fito da sabuwar riga.

Ni dai tun kafin zuwan jiha na daina wannan shirme. Liƙi mu raba a take, amma duk dabbar da aka ba mu sai in sa a kora ta Sunkani wajen Sajo, ɗan kawuna, ya haɗa da garkensa. Na kuma gaya wa Ukasha tun ranar farko cewa bi da bi ne, wannan tawa, mai zuwa tasa.

"Malam Njidda, saniyar da ban gani ba ai taka ce," in ji shi.

"To taso mu je ka gani."

"Ni? In shiga tsakiyar ƙahoni? Allah ya kiyaye!"

Ko akuya ce ta tsare masa hanya, Ukasha sai ya kewaye. Maimakon ya je, sai ya koya wa kalangunsa sabuwar magana. Muna tsakiyar wasa sai ka ji fatar na cewa, "Njidda marowaci, Njidda marowaci," masu jin kiɗa su yi ta ƙyalƙyala dariya. Abin yana min ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma ban sayar da ko jela ba.

Ƙarshen casa'in da uku sojoji suka kori 'yan siyasa. Manyan namu suka ɓace kamar an share su da tsintsiya. Masu biki suka koma hayar mai kaset, ga shi ba ya cin abinci, ba ya jiran liƙi. Azumi ya zo ya ɗora, wata guda ba kiɗa.

Kwana uku bayan Sallah, da hantsi, Ukasha ya yi sallama a ƙofata. Kafaɗarsa na fara duba, babu komai a rataye.

"Ina kalangun?"

"Yana wajen Suleiman mahauci, zai ba makaɗin 'yan fawa. Masara na saya da kuɗin." Ya kawar da kai. "Wani zai ba ni babur in yi acaɓa. Na zo ne mu yi ban kwana."

Shekara goma sha biyu hannun mutumin nan ke ɗaga muryata, kuma na san garayata ita kaɗai ba za ta tara ko kaji ba. Ban roƙe shi ba. Na tayar da babur ɗina na ce ya hau, in ya so daga baya ya tafi inda zai tafi.

A Sunkani mun tarar da Sajo ya kai shanu mashaya. Ukasha ya laɓe a bayana, ya riƙe min riga kam.

"Wannan ne mai ganga?" Sajo ya tambaye ni da gurguwar Hausarsa, sannan ya dube shi. "Kai, shanunka ya gaji da jiranka. Duba kunne. Tsaga a dama na Njidda, tsaga a hagu naka. Wancan ja ya haihu sau biyu."

Ukasha ya leƙo ta kafaɗata yana bin kunnuwa da ido. Bakwai ya samu, har da wani farin bijimi mai tozo. Na ji hannunsa ya saki rigata.

Na ce, "Matan ba a taɓa su, su ne albashinmu ranar da murya da yatsu suka gaji. Bijimin nan kuwa Suleiman zai rungume shi. Ka karɓo kalangunka, abin da ya ragu in ƙara nawa mu buga kaset ɗinmu. Tunda kaset suke so, su saurari namu."

Ukasha ya sake duban bijimin. Idonsa ya kawo ruwa, ya goge da hula. Can ya miƙa wa Sajo hannu.

"Ba ni igiyar."

Har yau kalangunsa marowaci yake kirana a gaban jama'a. Amma ranar da aka sake ba mu maraƙi a unguwar Sarkin Dawaki, dillali na matsowa, Ukasha ne ya bi shi da makaɗi har bakin titi.