Sa Hannun Janar

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kama yayana Orval a watan Maris, ni ke ɗaga shi, ni ke kwantar da shi, ni ke yi masa wanka. Shekaruna sittin da uku, shi kuma ƙato ne ko a kwance. Zuwa watan Yuli bayana ya ce ya gaji. Likita bai ɓoye mana ba: ko a samo mai jinya ta riƙa zuwa gida kullum, ko a kai shi gidan tsofaffi can babban gari. Orval ya ce gara a binne shi da ransa.

Mai jinya ɗaya ce a ɗan garin namu da ke jihar Tennessee, Odessa Pruitt, baƙar fata ce, mu kuwa farare. Ajinmu ɗaya a firamare, shekarar da aka fara haɗa baƙaƙe da farare. Ta zo ta tsaya a ƙofar falo da jakarta a hannu, ta bi bangon da kallo.

Hoton Janar ne ko'ina, wani kwamandan sojojin Kudu masu kare bauta a yaƙin basasar ƙasarmu. Janar a kan doki, Janar a jikin farantai goma sha biyu, Janar a kwalaben giyar da ba a taɓa buɗewa ba, ga kabad ɗin gilashi cike da harsasai da maɓallan rigunan sojan da Orval ya tono a gonakin mutane. Shekara arba'in yana tarawa. Matarsa ta tafi ta bar shi da su, kuma ban ga laifinta ba. Mutum ya mutu tun ba a haifi kakanmu ba, yaƙin ma kaye suka sha, amma ya fi kowa wuri a gidan nan.

"Verna, ina so in taimake ki," in ji Odessa. "Amma ba zan durƙusa ina wanke ƙafar Mista Orval ba, wancan dillalin bayin yana kallona ta ko'ina."

"In na kwashe su fa?"

"Ki kwashe, ki kira ni."

Na raka ta mota ina ba ta baki. Na ce Orval wawa ne kawai, doki da takobi suka tafi da hankalinsa tun yana yaro, bai taɓa tsayawa ya yi tunanin sauran ba. Allah ya sani har raina na yarda da abin da nake faɗa.

Kwana uku muna kai ruwa rana da shi kafin ya amince, shi ma da sharuɗɗa. Ba a taɓa komai sai da farar safar hannu. Ba a goge komai, wai tsatsar ita ce darajar. Kowane abu da takardar naɗinsa, a kai ɗakin sama inda babu laima.

"Kai da cokali ya gagare ka, har da ba da umarni," na ce.

"A hankali da farantin nan," ya ce da rabin bakinsa.

Ranar Asabar na fara tun safe, yana kan kekensa na marasa lafiya yana gadina. Na hau bene na sauko ban san sau nawa ba. Zuwa la'asar abu ɗaya ya rage, wanda ya fi ji da shi: wani firam a saman murhun jin ɗumi. Cikinsa farin kwali ne mai faɗi, da 'yar taga a ƙasa wadda ba ta fi yatsa biyu ba, inda sa hannun Janar yake leƙowa. Duk baƙon da ya shigo gidan sai an kai shi gabansa.

"Wannan ki bar shi a rufe," in ji Orval.

"Ba kai ka ce takarda ba ta daɗewa a jikin gilashi ba, mannewa take yi?"

"Na ce ki bar shi."

Na gaji da ki-yi-kar-ki-yi. Na ɗauko wuƙar man shanu na ɓanɓare ƙusoshin bayan, na ɗaga kwalin. Ashe takardar shafi guda ce cur, rubutu tun daga sama. Na sa tabarau. Shaidar ciniki ce. An sayar da wata yarinya mai suna Tempie, 'yar kimanin shekara tara, lafiyayya a jiki da hankali, baiwa har ƙarshen ranta. Ba a ambaci uwarta ba. A can ƙasa ga sa hannun da muka yi shekaru muna nuna wa baƙi.

Na zauna a kan kujera.

"Yaya, ka san abin da ke rubuce a nan?"

Ina ta fatan ya ce a'a. Da ya faɗa, ko ƙarya ce, da na karɓa.

"Ni na ce wa mai firam ya rufe," ya ce.

"Don me?"

"Ido sai ya tafi can, a manta da sa hannun." Ya ɗaga hannunsa mai lafiya. "Ki lura, kina lanƙwasa gefen."

Ban yi faɗa ba, ƙarfin faɗan ma babu. Na shimfiɗa takardar, na naɗe ta yadda yake so, na cire safar. Na goge masa yawun da ya zubo a haɓa, don ɗan uwana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Amma kunya ta rufe ni, kunyar abin da na tsaya a jikin motar Odessa ina rantse mata. In na kira ta, ko dai in maimaita mata ƙaryar, ko in faɗa mata gaskiya sannan in roƙe ta ta zo ta wanke shi. Babu wanda zan iya a ciki. Bayana kuma ba zai ƙara wata guda ba.

Na shiga kicin, na nemo takardar da likita ya ba ni, na buga lambar gidan tsofaffin. Wata mata ta ce akwai gado ranar Litinin. Na ce a riƙe mana.

Daga falo na ji muryarsa.

"Verna, Odessa ce? Yaushe za ta fara?"

"Ba ita ba ce, Yaya," na ce.